DAƁEN KATAKO A KANTI: KU KARANTA KWALI KAFIN KU BIYA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, bayan kaka kuɗi kan shigo hannu. Wani ya sayar da wake, wani aya, wani albasa. Wani ya kai bijimi kasuwa. Wani kuma ɗansa ne ya aiko daga cirani. Da yawa daga cikinmu su kan sa kuɗin nan cikin gini: kanti a bakin kasuwa, shagon ɗinki, wurin sayar da salula, kantin magani, ko ofishin ƙungiyar manoma. In an gama bango an yi rufi, sai maganar daɓe ta taso.

Da can zance biyu ne, ko daɓen ƙasa ko siminti. Yanzu akwai na uku da na huɗu. A manyan garuruwa irin su Yamai da Maraɗi, mutum ya kan shiga wani ofis ko wani kanti ya ga ƙasa shimfiɗe da katako mai sheƙi, sumul, kamar bisan tebur. Ana ce masa laminet, wasu kuma su ce parke. Duk wanda ya gani ya kan yi sha'awa. To, amma kafin sha'awa ta kai hannu aljihu, ya kamata mu san ko mene ne shi, da inda ya dace, da inda bai dace ba. Kuɗin bijimi ba abin wasa ba ne.

MENE NE LAMINET?

Abu na farko: laminet ba katakon icce ba ne irin wanda kafinta ya ke tsagawa. A masana'anta a ke yin sa. In ka duba gefen falle ɗaya, hawa huɗu ne a manne.

Hawa na sama wata fata ce siririya, garau, ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. Ita ce mai ƙarfi, ita ke ɗaukar takalmi. Na biyu takarda ce da aka buga wa hoton katako. Wato zanen da ka ke gani hoto ne kawai. Na uku shi ne mai kauri: garin icce ne aka kwaɓa da gam, aka danne shi da inji har ya zama allo. Na huɗu takarda ce ta ƙasa, mai hana allon tanƙwarewa.

Wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Perstorp shi ya ƙirƙiro shi a 1977. A 1984 ya fara sayar da shi don gidaje, an san shi da sunan Pergo. Da farko da gam a ke haɗa falle da falle. Wajen 1996 da 1997 aka fito da irin wanda bakinsa ke shiga bakin ɗan uwansa ya kama, ba gam, ba ƙusa. Shi ya sa ya bazu cikin duniya, don shimfiɗa shi ba wuya. Yau ana yin sa a Jamus, Beljiyam, Turkiyya, Sin da sauran ƙasashe da dama.

Ku lura da wannan: an ƙirƙiro shi a ƙasar sanyi, inda ɗaki ke rufe da taga ta gilashi, inda ƙofa ke buɗewa bisa titi mai kwalta. Mu kuwa ƙasarmu ta rairayi ce, da hunturu, da bazara, da gara. Ba a ce ba ya yi a nan ba. An ce sai an zaɓa da hankali.

LAMBAR DA KE BISA KWALI

Laminet biyu na iya zama launi ɗaya, sheƙi ɗaya, amma ɗaya na ɗakin kwana ne, ɗaya na kanti. Ido ba ya raba su. Lamba ke raba su. A Turai akwai ƙa'ida mai suna EN 13329, ita ke rarraba laminet aji aji. Kamfanin kirki ya kan rubuta ajin a jikin kwali. Lambar ƙwaya biyu ce.

Ƙwaya ta farko tana faɗin wuri. In 2 ce, na gida ne. In 3 ce, na wurin sana'a ne. Ƙwaya ta biyu tana faɗin yawan ƙafa. In 1 ce, mutane kaɗan. In 2 ce, matsakaici. In 3 ce, mutane da yawa.

Ga yadda abin ya ke:

21, 22, 23: na gida ne. Kada a sa su a kanti.
31: ƙaramin ofis ko ɗakin otal, inda ba a yawan shiga.
32: ofis, ko ƙaramin kanti.
33: kanti mai cinkoso, makaranta, hanyar da kowa ke bi cikin gini.
34: wurin da jama'a ba ta yankewa, kamar filin jirgin sama.

Kusa da lambar a kan yi ɗan zane. In ka ga hoton gida, na gida ne. In ka ga hoton babban gini mai tagogi da yawa, na sana'a ne. Gefensa kuma akwai hoton mutum ɗaya, ko biyu, ko uku. Ko wanda ya fara karatu jiya zai iya gane wannan.

Akwai wata alama kuma, baƙaƙe biyu da lamba: AC3, AC4, AC5. Ita tana faɗin ƙarfin fatar sama. Ga yadda a ke gwada ta. A kan ɗora guntun falle bisa inji yana juyawa, ƙafafu biyu masu takardar yashi suna gurzar sa, ana ƙidaya juyi har hoton ya fara cinyewa. AC3 sai ya kai juyi 2.000. AC4 sai ya kai 4.000. AC5 sai ya kai 6.000. Galibi AC3 na tafiya da aji 31, AC4 da aji 32, AC5 da aji 33.

Kun ji da abin da a ke gwajin? Da yashi. Mu kuwa kowane mai saye da ya shigo kanti, da yashi ya ke shigowa a ƙarƙashin takalmi. Saboda haka kantin da a Turai aji 32 zai ishe shi, a nan gara a hau zuwa 33. In mai sayarwa ya ce maka mai kyau ne, ce masa ya nuna maka lamba. In kwalin ba lamba, ba sunan kamfani, ba sunan ƙasa, bar masa kayansa.

KAURI BA SHI NE ƘARFI BA

Kaurin falle ya kan kama daga milimetir 6 zuwa 12. Wasu masu sayarwa da kauri su ke jan mutum: dubi wannan, 12 ne! Kauri yana da amfani. Bakin da ke kama ɗan uwansa ya fi ƙarfi, kuma ba ya yawan ƙara in an taka. A kanti kada a sauka ƙasa da milimetir 8. Amma fatar sama ita ke karɓar takalmi, ita kuwa ko milimetir 1 ba ta kai ba. Falle mai kauri 12 da AC3 zai riga mai kauri 8 da AC5 cinyewa.

In fatar nan ta cinye, shi ke nan. Katakon icce ana iya kankare shi a sake shafa masa mai. Laminet ba a kankare shi, don ƙarƙashin fatar takarda ce. Sai dai a cire a sa sabo. Mai araha da za ka saya sau biyu ya fi mai tsada tsada. Araha ba ta ado.

Ku duba kuma alamar E1. Gam ɗin da ke cikin allon yana fitar da wani tururi mai suna formaldehid, mai sa ido yaji da kaikayin maƙogwaro. Zafi da laima suna ƙara fitarsa. E1 na nufin abin da ke fita kaɗan ne, bai wuce ƙa'ida ba. A 2015 a Amurka an yi babbar rigima da wani kamfani a kan wannan, har ya daina sayar da laminet ɗin da ya ke kawowa daga Sin. Mai kanti shi ke wuni ciki tun safe har dare, shi abin zai fara taɓawa.

MAƘIYANSA GUDA HUƊU

Na farko ruwa. Mun ce cikinsa garin icce ne. In ruwa ya kwanta bisansa, ya kan bi ta tsakanin falle da falle ya shiga. Garin ya sha, ya kumbura, bakin ya tashi. Ko ya bushe ba ya komawa yadda ya ke. Ku tuna abin da ke zuba a kanti: randa ko firji mai ɗiga, buta a bakin ƙofa, rufin kwano mai yoyo, feshin ruwan sama ta ƙarƙashin ƙyaure. Ku tuna kuma ambaliyar 2020 a Yamai, da ta 2024 a Maraɗi da Damagaram. Kantin da ruwa ya shiga, in siminti ne ko karo, shara da wanki sun ishe shi. In laminet ne, duka sai an kwashe. Wanda ya san ruwa na bi ta unguwarsu, kada ma ya fara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai irin da a ke rubuta wa cewa yana jure ruwa. Gaskiya ya fi sauran. Amma jurewar ta awoyi ce, kafin a goge abin da ya zuba. Ba ta ambaliya ba ce.

Na biyu rairayi. Mun riga mun faɗa. Maganinsa shi ne a tare shi tun a ƙofa: dakali na siminti a waje, da abin goge ƙafa babba, ɗaya waje ɗaya ciki. Wasu su kan sa karo metir 1 daga bakin ƙofa, sannan laminet ya fara. Dabara ce mai kyau.

Na uku sauyin iska. Icce, ko an niƙe shi, yana numfashi. Masu yin laminet suna son laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A nan kuwa cikin hunturu ta kan sauka ƙasa da kashi 20, cikin watan Agusta ta hau sama ƙwarai. Da hunturu falle ya kan tsuke, tsaga ta buɗe, ƙura ta shiga. Da damina ya buɗe. In bai sami wurin buɗewa ba, sai ya tokari bango, tsakiyar ɗaki ta yi tozo. Kun san yadda ƙyauren katako ke cijewa da damina, ya saki da rani. Haka ne.

Na huɗu gara. Gara ba ta cin siminti, ba ta cin karo, amma garin icce abincinta ne. Ta ƙarƙashi ta ke aiki, ba ka gani sai ƙafa ta burma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a toshe kowace tsaga ta siminti kafin a shimfiɗa komi.

Ban da waɗannan, garwashi daga murhun shayi yana ƙona shi, kuma tabon ba ya fita.

INA YA DACE, INA BAI DACE BA?

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wane aiki za a yi cikin ɗakin nan?

Laminet na iya dacewa da ɗaki rufaffe, busasshe, mai tudu, wanda kayansa ba nauyi: ofis, shagon yadi da atamfa, wurin sayar da salula, ɗakin ɗaukar hoto. A nan yana da amfani. Ba ya tashin ƙura kamar tsohon siminti. Yadi in ya faɗi ba ya ɓaci. Da hunturu ba ya sanyi kamar karo. Ana gama shimfiɗa shi cikin yini ɗaya, a buɗe kanti washegari. Wanda ke haya kuma yana iya cire abinsa ya tafi da shi.

Bai dace ba ko kaɗan a waɗannan wurare: mangaza ta hatsi da bankin cimaka, inda a ke jan buhu mai kilo 100 ana shiga da baro, wurin ajiye takin zamani da gishiri, don suna jawo laima, gidan abinci da wurin mai shayi, wurin sayar da nono, nama ko kifi, inda a ke wanke ƙasa kullum, wurin injin niƙa, shagon gyaran babur. Waɗannan duka siminti su ke so. A yi shi da yashi mai tsabta, kada a yi rowar siminti, a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7 kada ya tsage.

Kantin magani da kantin kayan masarufi masu cinkoso, karo ya fi musu, wanda a Nijeriya a ke ce wa tayil. Ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron gara. Sai dai a zaɓi na ƙasa, ba na bango ba, kuma marar santsi, kada tsoho ya zame.

Wanda ya nace sai mai kamar katako, akwai wani iri mai suna SPC. A ido kamar laminet ya ke, amma cikinsa garin farar ƙasa ne da roba, ba icce. Ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta cin sa. Shi ma yana da aji a kwali, shi ma yashi na gurzar sa.

Kada kuma mu raina na gida. Daɓen ƙasa da tsakuwa, wanda mata ke bugawa da madaɓi su shayar da shi makuba ta ɓawon ɗorawa, yana daɗewa in an yi shi da kyau. Ƙaramin shago a ƙauye, daɓen nan da tabarma sun ishe shi har ciniki ya kankama. Gara kuɗin ya tafi ga kaya bisa kanta. Ba daɓe mutane ke zuwa saye ba.

LISSAFIN ABIN DA ZA KA SAYA

Auna tsawon ɗaki da faɗinsa, ka ninka. Misali kanti mai tsawon metir 5, faɗin metir 4. 5 sau 4, 20 ke nan. Ana ce masa murabba'in metir 20. A kwali haka a ke rubuta shi: m². Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da ɓarna, ya zama 22. Duba kwali ka ga nawa ya ke rufewa. In an rubuta 2 m², raba 22 gida 2, kwali 11 ke nan. Ƙara kwali 1 ka ajiye a wuri busasshe. Ran da falle ɗaya ya lalace, da wuya ka sake samun launinsa a kasuwa.

Kwali ba girma ɗaya ba ne. Kada ka gwada kuɗin kwali da kwali, gwada kuɗin murabba'in metir ɗaya. Sa kuma kuɗin leda, da soson ƙasa, da katakon gindin bango, da ladan mai aiki, da kuɗin mota. Sannan ka tambayi magini kuɗin karo na ɗakin nan, ka ajiye lissafi biyu gefe da gefe.

In ana maganar garanti, tambaya ta gida ce ko ta wurin sana'a. Shekarun da a ke rubutawa da manyan baƙaƙe galibi na gida ne, na kanti ba su kai haka ba. Karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da ajinsa.

Ga gwaji mai sauƙi kafin ka biya. Roƙi guntu daga iri biyu ko uku. Sa su cikin ƙwaryar ruwa su kwana. Da safe duba wanda ya fi kumbura. Gani ya kori ji.

RANAR SHIMFIƊAWA

In ka riga ka saya, tsaya kan mai aiki ka ga an bi waɗannan:

1. Ba a shimfiɗa shi bisa ƙasa ko daɓen ƙasa. Sai bisa siminti ko tsohon karo.
2. Simintin ya bushe sarai. Sabon siminti na son makonni, kamar mako ɗaya ga kowane santimetir na kaurinsa. Manna guntun leda a ƙasa, rufe bakinta, bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta, bai bushe ba.
3. Ƙasa ta zama bai ɗaya. Ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya. In akwai rami ko tudu da ya wuce milimetir 2 ko 3, a gyara. In ba haka ba bakin falle zai karye.
4. A kwantar da kwalaye cikin ɗakin awa 48, a rufe, don su saba da iskar wurin.
5. A fara shimfiɗa leda mai kauri don tare laima, sannan soso, sannan falle.
6. A bar fili milimetir 8 zuwa 10 tsakanin falle da bango, ko'ina, har gindin ƙofa da ginshiƙi. Katakon gindin bango zai rufe shi. In da hunturu a ke aikin, kada a rage ko kaɗan, don da damina zai buɗe.
7. Kada a buga masa ƙusa. Kanta mai nauyi da a ke kafewa, a kafa ta bisa siminti, laminet ya zagaye ta.

Bayan haka kiwonsa ba wuya. Shara kullum da tsintsiya mai laushi. Gogewa da tsumma wanda aka matse sosai. Ba a kwara masa bokitin ruwa. Abin da ya zuba a goge nan take. A sa guntun tsumma ko roba ƙarƙashin ƙafar kujera da benci, kaya kuma a ɗauka, kada a ja.

Ƴan kwamitin ƙungiya, ku abin ya fi shafa, don kuɗin jama'a ne a hannunku. Kafin ku sa hannu a takardar ɗan kwangila, a rubuta irin daɓen kowane ɗaki. In laminet ne, a rubuta aji, da AC, da kauri. Ran da kaya sun iso, ku aiki wanda ya iya karatu ya duba kwali ɗaya ɗaya, ya gwada da abin da ke takarda. In an rubuta 33 aka kawo 23, ƙwaya ɗaya ce ta sauya, amma na ɗakin kwana aka kawo muku. Ku mayar tun ba a buɗe ba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa mai shirin gini. Allah ya sa albarka cikin sana'a.